Ranar da Aka Kai Karatun Ƙanena Maƙera

Shekarun baya ne, can lokacin da komai ya tsaya cak. Babu mai a gidan mai, babu takin zamani a kasuwa, jami'o'i a garƙame, malamai suna yajin aiki. Sa'o'ina da waɗanda suka girme ni sun san shekarun da nake nufi. Ni ba marubuci ba ne, ko firamare ban gama ba, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. Yadda ya zo min haka zan faɗe shi.

Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu. Da mahaifinmu ya rasu sai na ajiye littafi na ɗauki fartanya, ƙanena ya ci gaba da boko. Ban taɓa jin zafin haka ba. Ni kaina ba ya riƙe lissafi, shi kuwa tun yana ɗan tsito yake kwance rediyon mutane ya mayar, wani lokacin ma ta yi magana. Ya yi digiri, ya koma yin na biyu a ɓangaren kimiyya, wajen abin da ya shafi wutar lantarki.

Garinmu yana gefen hanyar Ɗanbatta, irin garuruwan nan da babu daji a tsakaninsu. Inda gonar wannan ta ƙare nan ta wancan ta fara, dawa har jikin katanga. In ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ne zai fara yi maka sannu. A gari irin wannan babu abin da zai shigo a ce ba a gani ba.

Da yajin aikin ya yi tsawo aka kori ɗalibai daga ɗakunan kwana, sai ga ƙanena ya dawo da jakar kaya ɗaya da wani gwangwanin madara da ya rungume kamar jinjiri. Na ce masa, “Mene ne wannan kake riƙo haka? Zinare ne?”

Ya ce, “Yaya, a wurina ya fi zinare.”

Ya buɗe. Auduga ce a ciki, a tsakiyarta wasu 'yan baƙaƙen abubuwa kamar maɓallin riga. Ya ce ba dutse ba ne, haɗi ne. Garin wani ƙarfe ne da ake kira nikel, da garin wani sinadari mai wuyar samu da ake tacewa daga ƙasa. Ya faɗa min sunansa, harshena ya ƙi. Malaminsa ne ya zo da ɗan kaɗan daga ƙasar waje. Ana cakuɗa su, a danne, a gasa kwana da kwanaki a wani tanda na lantarki, ana tura masa da ƙarfi iskar nan da muke shaƙa. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, ya lalace, sai a sake. Kun dai san yadda wuta take a lokacin. Ya ci damina biyu yana wannan fama, kuma duk abin da ya fito da kyau bai cika tafin hannu ba. Garin sinadarin kuma ya ƙare, babu sauran ko ɗigo.

Na ce to amfaninsa me? Ya ce wayar jan ƙarfe kullum tana barin wuta ta wuce, roba kuwa kullum tana tare ta. Shi wannan duka biyun yake yi. In yana da sanyi ya toshe hanya, in ya ɗau zafi ya buɗe. Abin da ya rage masa kawai a buɗe makaranta ya auna su da na'ura, ya rubuta abin da ya gani, ya karɓi takardarsa. Ɗakin gwajin nasu yana yoyo, ɓarayi kuma sun fara cire tagogi, shi ya sa malamin ya ce ya tafi da su gida ya ajiye inda babu laima.

Ke nan duk karatunsa yana cikin gwangwanin nan. Duk dawa da gyaɗar da na yi ta lodawa a jaki ina kaiwa kasuwa don ya zauna a makaranta, su ma suna ciki.

Baffanmu, wan mahaifinmu, shi ne babba a gidan, kuma a zaurensa ake majalisa. Labarin gwangwani bai kwana ba ya isa can. Duk sanda ƙanena ya zo wucewa sai a fara.

“Ga ɗan boko nan! Shekara da shekaru a jami'a, ya dawo mana da kashin awaki a gwangwani.”

“Malam injiniya, a sam mana ɗaya mana mu sa a gona, ko ya fi takin zamani.”

Yana dariya, amma na san abin yana cinsa. Wata rana da hantsi sai ya ce bari ya nuna musu. Ya zaɓo ɗaya da ya tsage, wanda dama ba zai aunu ba. Ya aro kurfotin mai shayi, ya kawo batir da waya da ƙwan tocila, ya shiga can ƙuryar zauren inda yake da ɗan duhu. Ya haɗa wayoyin ta jikin abin. Ƙwai bai kama ba. Aka kwashe da dariya. Baffa ya ce, “To ai ko tsakuwar ƙofar gidana ta iya wannan.”

Ƙanena ya ɗora abin a kan murfin gwangwani, ya ɗora murfin a saman kurfoti. Muna zaune muna kallo. Can sai ƙwan ya fara ja, kamar idon zakara, sannan ya haska. Ya sauke murfin, abin ya huce, hasken ya mutu. Ya mayar, ya sake kamawa.

Dariyar zauren ta ɗauke. Wallahi ranar na ji kaina ya kumbura kamar ni na gasa abin. Ina ta kallon fuskokinsu ina gyara hula.

Sarkin maƙeran garinmu yana wurin. Shi ne ya ce, “Ɗan nan, wannan wutar da ta bi ta cikinsa, ita ce ta walƙiya?”

Ƙanena bai iya kwana-kwana ba. Ya ce, “Iri ɗaya ce, Baba. Sai dai waccan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.”

Tsohon ya gyaɗa kai.

Ruwa ya makara a shekarar. Da ya sauka aka yi shuka, sai ya ɗauke, aka sake shuka. Rumbuna sun yi ƙasa, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ana shirin huɗa sai wata rana aka wuni ana wani irin zafi mai dafa mutum, da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ina tsakar gida ina kwashe shanya na ga wani haske da ya sa na ga ƙasusuwan hannuna, sannan ƙarar da ta jefar da ni zaune. Aradu ce ta faɗa wa ɗorawar da ke bayan katangarmu, dab da ɗakin ƙanena. A gindinta Baffa yake ɗaure shanun huɗarsa guda biyu. Ɗaya ya tsinke igiya ya gudu. Ɗayan yana kwance, hayaƙi na tashi daga bayansa. Ko wuƙa ba a samu sa masa ba, mushe ya tafi.

Zan faɗi gaskiya, ni ma na yi hawaye. Shanun nan su suke huɗe gonar Baffa, su huɗe tamu, su huɗe ta rabin dangi. Sa ɗaya ba ya jan garma. A shekara irin wannan, rasa shi ba ƙaramin abu ba ne. Baffa ya zauna a cikin taɓo yana shafa kan san, yana kiran sunan Allah.

Aka yi abin da aka saba. Aka zuba nono a wurin, don a garinmu an yarda wutar aradu nono ne yake kashe ta. Sarkin maƙera ya zo ya tona gindin bishiyar yana neman kan aradu, wato dutsen da ake cewa tana faɗowa da shi. Bai samu ba. Ya miƙe yana karkaɗe hannu, ya kalli katangarmu, ya ce, “Ba ta zo da dutse ba. Dutse ta zo nema.”

Daga nan magana ta kama gari. Aka ce tun kakanni ake ɗaure shanu a gindin ɗorawar nan, ba a taɓa ganin haka ba sai da aka shigo da baƙaƙen duwatsu. Aka ce ƙanena da bakinsa ya faɗa, in sun ji zafi suna buɗe wa wuta hanya, kuma wutarsu da ta sama iri ɗaya ce. Ga ɗakinsa rufin kwano, ga zafin da aka yi ranar. Me ake jira? Yau sa ne, gobe mutum.

Na je wurin limaminmu. Mutum ne mai karatu, ya zauna a birni. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ka ji abin da ake faɗa?”

Ya ce, “Na ji. Ba haka ba ne. Aradu ta Allah ce, tana samun abin da Ya so. Dutse ba ya kiranta.”

Na ce, “To Malam, ka faɗa musu a masallaci mana.”

Ya ja carbi, ya ce, “A bari zukata su huce tukuna. Baffanku yana cikin zafin rashi.”

Na fito ina huci. Na ce wa ƙanena ya ba ni gwangwanin in tura shi ƙasan rumbu, ko in kai gidan surukaina a Zakirai. Ya ce rumbu da laima, hanya kuma da ruwa da jijjiga. Ya ce, “Yaya, ai mutane ne masu hankali. In suka zo zan yi musu bayani.” Shi yana ganin duk wanda aka yi wa bayani zai gane. Boko ya koya masa abubuwa da yawa, bai koya masa garinsu ba.

Ranar da abin ya faru ina gonarmu ta nesa ina huɗa da garmar hannu, tunda babu shanu. Rana ta take. Sai na hango wata tsohuwa tana tsallake kunya-kunya da gudu, babu takalmi, mayafi a hannu. Inna ce. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Tun daga nesa take cewa, “Kai wannan! Kai wannan! Yar da garmar nan, sun tafi da abin yaron nan maƙera!”

Ashe Baffa ne ya shiga gidan da 'ya'yansa, ya ce ta miƙo gwangwanin. Wan mijinta ne, ina za ta iya ce masa a'a?

Na yi gudun da ban taɓa yi ba. Na isa maƙera na tarar da rabin gari. Maigari yana zaune a kan turmi da babbar riga. Baffa yana tsaye da gwangwani. 'Ya'yansa biyu, ƙarti, sun riƙe ƙanena ta hannu. Wuta tana ci, ana zuga ta, ga ƙwaryar nono a gefe.

Ƙanena yana cewa, “Baffa, don Allah, don darajar mahaifina. Ka ba ni in tafi da su yanzun nan. Zan kai su Kano, ba za ku sake ganinsu ba.”

Baffa ya ce, “Ka kai su Kano su kashe bayin Allah a can, alhaki a wuyanmu? A nan za a kashe su, a gaban kowa.”

Na kutsa na ce, “Baffa, yaron nan ya faɗa min, kwanon rufin ɗakinka ma wuta tana bi ta cikinsa. Garmarka ma haka. Me ya sa ba a kawo su an ƙona ba?”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Au, kai ma ka yi bokon ne? Kai da in ka rubuta sunanka sai an kira mai duba ya karanta?”

Aka yi dariya. A wannan halin, jama'a, aka yi dariya.

Na juya na durƙusa wa maigari. Na ce, “Ranka ya daɗe, karatun yaron nan ne gaba ɗaya a cikin gwangwanin nan.”

Ya ce, “Zaman lafiyar gari ya fi 'yan tsakuwa. In an buɗe makaranta sai a ba shi wasu.”

“Ranka ya daɗe, ba a shago ake sayar da su ba!”

“To ka fara ɗaga min murya ke nan.”

Liman yana can baya a jikin bishiya. Na kafe shi da ido. Ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa.

Baffa ya miƙa wa sarkin maƙera gwangwanin. Maƙerin ya yi bismillah ya juye shi cikin garwashi, har da audugar. Ta kama fuu. Ƙanena ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta fito daga bakin namiji ba. Na yi tsalle zan sa hannu a wutar, sai Baffa ya sha gabana. Hannuna a sama yake, a dunƙule. Ya turo min kumatunsa, ya ce, “Bismillah. Mari wan ubanka, gari ya shaida.”

Fuskar mahaifina ce sak. Hannun ya ƙi sauka.

Ina tsaye haka aka zuga wutar har baƙaƙen abubuwan suka yi ja. Maƙerin ya riƙa ciro su da awartaki yana ɗorawa a kan uwar maƙera, yana sauke musu masaba. Ba su da wani tauri. Bugu ɗaya, sun zama gari. Ya miƙa hannu zai ɗauki nono ya zuba a kai, ni kuma na rasa abin da zan daka, sai na kai wa ƙwaryar hauri. Ta tashi sama ta kife a kan babbar rigar maigari. Iyakar jarumtakata ke nan a ranar. Na yi yaƙi da ƙwarya, na ci nasara.

Suka saki ƙanena. Ya je ya tsuguna, ya ɗebi ɗan tokar da yatsa biyu, ya murza, ya duba. Daga baya ya faɗa min ko ba a daka su ba, wutar gawayi ta riga ta zuƙe musu abin da ba ya dawowa. Ya goge yatsun a wandonsa, ya ce wa dattawan, “Na bar ku lafiya.” Ya tafi gida. Da yamma na ga ya ɗauko garma ya biyo ni gona. Har rana ta faɗi yana huɗa, hannunsa duk ya yi kanta ya fashe.

Kun san wa aka sa ya ba da haƙuri? Ni. Washegari aka tara dattawa, aka sa na durƙusa a gaban maigari saboda rigarsa, na durƙusa a gaban Baffa saboda na ɗaga masa hannu. Inna tana kuka tana cewa in yi don Allah, sai na yi. Shi kuwa wanda aka daka wa shekarunsa a kan uwar maƙera, har yau babu wanda ya taka ya ce masa sannu.

Da aka buɗe makaranta ya koma ya tarar malaminsa ya gaji ya bar ƙasar. Wanda aka ba shi a madadinsa ya ce ya zaɓi wani aikin ya fara daga farko. Da wane ƙarfin? Gonar ba ta yi ba a shekarar, Inna kuma ta kwanta ciwo. Ya nemi koyarwa a wata sakandare wajen Bici, a can yake har yanzu. Yana da iyali, rufin asiri daidai gwargwado. Bayan wasu shekaru aradu ta tsaga tsamiyar bakin kasuwarmu gida biyu. Babu gwangwani a garin, babu ɗan boko. Kowa ya ce ikon Allah, aka kwashe itacen aka yi girki.

Ƙanena ya yafe. Duk Sallah sai ya je ya gaida Baffa da goro, da Baffa ya rasu kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ni ma na yi masa sallah, na roƙa masa gafara, don na san tsoho ne da ya rasa sansa a shekarar yunwa, zuciyarsa tana neman wanda za ta kama. Shi ban riƙe shi sosai ba. Wanda na kasa haɗiyewa shi ne mai ilimin da ya san gaskiya ya faɗa min ita a ɗaki a hankali, ya fito fili ya yi shiru. Da kuma manyan can sama da suka yi ta jayayya wata da watanni makaranta a kulle, har aikin da ya kamata ya kwana a ɗakin gwaji ya zo ya kwana a gwangwanin madara kusa da turken awaki. Su ba su san an yi ba ma. Fartanyata kuwa, tun daga ranar, in ta dakushe sai dai in ɗaure ta a keke in kai Ɗanbatta. Jikan maƙerin ne a maƙerar garinmu yanzu, yaro mai ladabi, bai san komai ba. Matata ta ce wannan taurin kai ne kawai. Na ce na ji.

Sallar da ta wuce ƙanena ya zo gida. Muna zaune a inuwa bayan azahar, na ga furfura ta cika masa gemu, har ta fi tawa. Ban san abin da ya kawo min maganar ba, don ba ma yin ta. Na ce, “Wai ni kam, ban taɓa tambayarka ba. Me yake sa abin nan ya bar wuta ta wuce in ya ji zafi, ya hana ta in ya huce?”

Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Ai abin da nake so in gano ke nan, Yaya.”

Ya ce wasu a ƙasashen waje sun yi ta rubutu a kai tun daga lokacin, yakan gani a waya in ɗalibai sun tashi. Wani wurin yana ganewa, wani wurin an wuce shi. Ya faɗi haka ba tare da ɗaci ba, ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwa.

Ni na tashi na zagaya bayan gida, don kada ya ga fuskata. Mutum ya haura hamsin, yana tsaye a bayan rumbu yana cizon haƙora. Shi ya huce tuntuni. Ni ne har yau nake tafasa a madadinsa, kuma ban ga ranar dainawa ba.